Ƙungiyar CIAA: Tarihin Wasanni a Kwalejojin Baƙaƙen Fata na Amurka

Gabatarwa

A ƙasar Amurka, jami'o'i da kwalejoji ba sa shirya wasanninsu kara zube. Makarantun da ke yanki ɗaya, waɗanda ƙarfinsu ya zo kusan ɗaya, sukan haɗu su kafa ƙungiya. Ƙungiyar ce ke tsara ranakun karawa, ta naɗa alƙalan wasa, ta tantance ɗalibin da ya cancanci shiga fili, sannan ta ba da kofi a ƙarshen kakar wasa. Manyan jami'o'i suna da nasu ƙungiyoyin, ƙananan kwalejoji ma suna da nasu. Ɗaya daga cikin na ƙananan ita ce CIAA ta gabashin ƙasar, wadda ta fi kowace daɗewa a cikin ƙungiyoyin wasanni na makarantun baƙaƙen fata. Wanda ya bi jerin makarantun da suka shiga cikinta da waɗanda suka fita zai ga tarihin wariyar launin fata a Amurka: yadda ta tara mutane wuri ɗaya, da abin da ya biyo baya lokacin da aka kawar da ita.

Kafuwar ƙungiyar

Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a shekarar 1865, aka ƴanta bayi. Amma ƴancin bai buɗe wa ƴaƴansu ƙofofin makarantun Turawa ba, musamman a jihohin kudu. Saboda haka majami'u da ƙungiyoyin mishan da wasu hukumomi suka gina musu nasu. An kafa Shaw da Virginia Union a 1865, Howard a 1867, Hampton kuma a 1868. Lincoln, da ke jihar Pennsylvania, ta riga su, don tun 1854 aka kafa ta. A 1896 kotun ƙolin ƙasar ta halatta raba baƙi da fari a wuraren jama'a, hukuncin da ya ƙara wa wariya gindin zama har a filin wasa.

Ɗaliban waɗannan makarantu sun fara karawa da juna tun kafin a sami ƙungiya. A watan Disamba na 1892, kwalejin Biddle, wadda daga baya ta zama Jami'ar Johnson C. Smith, ta kara da kwalejin Livingstone a garin Salisbury na jihar Carolina ta Arewa, ana zubar da dusar ƙanƙara. Wannan ce karawa ta farko tsakanin kwalejojin baƙaƙe biyu a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake rungumar ƙwallon a ruga da ita. Sai dai wasannin wancan zamani ba su da tsayayyen tsari. Kowace makaranta da yadda take fahimtar doka, kuma babu wata hukuma da za a kai wa ƙara idan an saka wanda ba ɗalibi ba a cikin ƴan wasa.

Don gyara wannan ne wakilan makarantu biyar suka taru a Hampton, jihar Virginia, a 1912: Hampton da Howard da Lincoln da Shaw da Virginia Union. Daga cikin waɗanda suka tsaya a kan lamarin akwai Charles H. Williams, malamin motsa jiki na Hampton. Sunan da suka raɗa wa ƙungiyar shi ne Colored Intercollegiate Athletic Association, wato ƙungiyar wasanni tsakanin kwalejojin baƙaƙen fata.

Biyu daga cikin waɗannan makarantu suna da alaƙa da Afirka ta Yamma. Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru, ya kuma zama shugaban Nijeriya na farko, ya yi karatu a Howard, sannan ya kammala a Lincoln a 1930. Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, shi ma a Lincoln ya sami digirinsa na farko a 1939.

Zamanin bunƙasa

Daga biyar ƙungiyar ta yi ta faɗaɗa. Virginia State ta shiga a 1920, Johnson C. Smith a 1926, Livingstone a 1931, Winston-Salem a 1945. Haka kuma Morgan ta jihar Maryland, da kwalejojin A&T da North Carolina College na Carolina ta Arewa, da Delaware State, da makarantu biyu na jihar Virginia ta Yamma, wato Bluefield State da West Virginia State, duk sun shigo. Dalilin wannan bunƙasa a fili yake. Yaro baƙi ɗan kudu, kome gwanintarsa, ba shi da inda zai je sai irin waɗannan makarantu. Doka ta hana shi shiga wasu, don haka gwanaye suka taru a wuri ɗaya.

Wasan da ya fi ɗaukaka sunan ƙungiyar shi ne ƙwallon kwando. Mai horar da ƴan wasan North Carolina College, John McLendon, ya yi karatu a Jami'ar Kansas a hannun James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro wasan. McLendon ya shahara da salon kai hari cikin sauri, ba tare da an bar abokan hamayya sun koma sun tsare gidansu ba. A watan Maris na 1944, wata ranar Lahadi, yaransa suka kara da ɗaliban likitanci Turawa na Jami'ar Duke a birnin Durham. An kulle ƙofofin ɗakin wasan, babu ƴan kallo, domin al'adar wariya ta wurin ba ta yarda baƙi da farare su yi wasa tare ba. Yaran McLendon suka ci 88, baƙinsu suka ci 44. Bayan an tashi, sai suka gauraya, suka sake raba kansu gida biyu, suka ci gaba da wasa. An yi fiye da shekara hamsin kafin labarin ya bazu a duniya.

A 1946 McLendon da wasu abokan aikinsa uku, Talmadge Hill da John Burr da Harry Jefferson, suka shirya gasar ƙarshen kaka ta farko a birnin Washington, da kuɗin da bai wuce dala 500 ba. North Carolina College ce ta ci kofin. Bayan shekara huɗu, ran 31 ga Oktoba 1950, Earl Lloyd, tsohon ɗalibin West Virginia State, ya zama baƙar fata na farko da ya buga wasa a gasar ƙwararru ta NBA. A ƙarshen wannan shekarar ce ƙungiyar ta cire kalmar Colored daga sunanta, ta sa Central, mai ma'anar tsakiya. Haruffan nan huɗu dai ba su canza ba.

A Winston-Salem kuwa, Clarence Gaines ya horar da ƴan wasa daga 1946 zuwa 1993, ya yi nasara a wasanni 828. A 1967, tare da ɗan wasansa Earl Monroe, ya ci kofin ƙasa na rukunin ƙananan kwalejoji. Wannan ne karo na farko da makarantar baƙaƙe ta ci kofin ƙwallon kwando na hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in ƙasar.

Fita da komowa

A 1954 kotun ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati. Nasara ce babba ga baƙaƙen Amurka, amma ta zo wa CIAA da asara. A 1955 Bluefield State da West Virginia State suka fita, suka shiga ƙungiyar jiharsu, wadda a da ta Turawa ce zalla. Sannu a hankali manyan jami'o'i masu kuɗi suka fara zawarcin gwanayen yara baƙaƙe. A 1966 kwalejin Texas Western ta fara wasan ƙarshe na ƙasa da baƙaƙe biyar, ta doke Kentucky, wadda ƴan wasanta duk farare ne. Cikin ƴan shekaru kaɗan jami'o'in kudu suka bi sahu, kuma yaron da a da zai tafi Hampton ko Morgan ya sami wasu wuraren zuwa.

Daga nan sai ƙungiyar ta rabu ta fuskar ƙarfi. A 1970 shida daga cikin manyan makarantunta, wato Howard da Morgan da Delaware State da Maryland Eastern Shore da A&T da North Carolina Central, suka haɗu da South Carolina State, suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna MEAC, da nufin hawa babban rukuni. CIAA ta zauna a rukuni na biyu na NCAA, inda kashe kuɗi bai kai na sama ba. Hampton, inda aka haifi ƙungiyar, ta koma MEAC a 1995, Norfolk State kuma ta bi ta ba da daɗewa ba.

Hawa babban rukuni yana cin kuɗi: ƙarin tallafin karatu ga ƴan wasa, da doguwar tafiya, da manyan filaye. Winston-Salem ta gwada a 2006, kuɗin ya gagare ta, ta komo a 2010. Lincoln ta komo a 2008 bayan shekaru da yawa a waje. Wasu kuma talauci ne ya fitar da su: kwalejin Saint Paul's ta Virginia ta daina wasanni a 2011, aka rufe ta baki ɗaya a 2013. Sababbin baƙi ma sun zo. Bowie State ta shiga a 1979, Claflin ta Carolina ta Kudu a 2018. Chowan, wadda asalinta ba makarantar baƙaƙe ba ce, ta zama cikakkiyar mamba a 2009, ta fita a 2019. A 2023 Bluefield State ta komo bayan shekara 68, a lokacin da mafi yawan ɗalibanta farare ne.

Duk da wannan kai-kawo, makarantun da suka rage ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Mazan Virginia Union sun ci kofin ƙasa na rukuni na biyu a 1980 da 1992 da 2005, matan Shaw kuma a 2012. A wannan shekara ta 2012 ne aka naɗa Jacqie McWilliams shugabar ƙungiyar, mace ta farko da ta riƙe muƙamin.

Kammalawa

Daga cikin makarantu biyar da suka zauna a Hampton a 1912, uku ne ke cikin ƙungiyar a yau: Lincoln da Shaw da Virginia Union. Dokar da ta tilasta musu haɗuwa ta daɗe da faɗuwa, kuma fitattun ƴan wasa sun fi karkata zuwa manyan jami'o'i. Abin da ya riƙe CIAA shi ne gasar nan da McLendon da abokansa suka fara. An yi ta a birnin Charlotte daga 2006 zuwa 2020, annobar korona ta hana ta a 2021, sannan aka mayar da ita Baltimore a 2022. Dubban tsofaffin ɗalibai sukan zo da iyalansu kowace shekara, su yi mako guda ana kallon wasa, ana sada zumunci, ana kuma tara kuɗin tallafin karatu ga ɗaliban makarantun. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake.