Bincike a Bakin Aiki: Tambayar ta Wa ce?

A shekarar 1946 Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan Adam da ya baro Jamus zuwa Amurka a 1933, ya wallafa maƙalar da ta shahara da hanyar bincike a bakin aiki. Matakanta ba su da wuyar faɗa: a tsara sauyi, a gwada shi, a lura da abin da ya biyo baya, a zauna a auna, sannan a sake tsarawa. Sauƙin nan shi ke yaudarar masu koyo. A ganina wanda ya haddace matakan bai kama hanya ba tukuna, sai ya iya bambance wanda ya kawo tambayar da ake bincika da wanda aka gayyato don ya amsa ta.

Masana'antar Harwood da ta kasance a garin Marion a jihar Virginia ta ishe mu misali. A lokacin kayan barci ake ɗinkawa a can, galibin ma'aikatan mata ne, kuma gwargwadon abin da mutum ya yi ake biyansa. Duk sanda aka sauya wa wata aiki sai saurinta ya faɗi, wasu ma su ajiye aikin gaba ɗaya. Lester Coch, jami'in kula da ma'aikatan kamfanin, da John French, almajirin Lewin, suka gwada hanyoyi uku a kan rukuni huɗu na ma'aikata, suka buga sakamakon a 1948. Rukunin farko sanarwa kawai aka yi musu. Na biyu suka tura wakilai, sauran biyun kuwa kowa da kowa ya sa baki wajen tsara sabon aikin. Waɗanda aka sanar kawai suka sauko daga ma'aunin 60 a awa zuwa wajen 50, kuma kashi 17 cikin ɗari suka bar aiki cikin kwana 40. Waɗanda aka dama da su gaba ɗaya suka farfaɗo cikin 'yan kwanaki, har suka zarce saurinsu na da da kimanin kashi 14.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne zagaye na biyu. Bayan wata biyu da rabi aka sake haɗa ragowar rukunin farko, aka ba su wani sabon aiki, wannan karon tare da shawararsu, sai ga shi su ma sun farfaɗo. Da an tsaya a zagayen farko, da manaja ya samu kafar cewa taurin kai ne halinsu. Maimaitawar ce ta nuna cewa laifin na tsarin ne.

To amma fa Coch ma'aikacin kamfani ne, kuma an riga an yanke shawarar sauyin kafin a kira kowa taro. Ma'aikatan sun sa baki a kan yadda za a yi. Ba wanda ya tambaye su ko a yi ko kada a yi. Shi ya sa masu suka ke ganin binciken dabarar shawo kan ma'aikata ne kawai, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya.

A Ingila lamarin ya ɗan sauya salo. Eric Trist na cibiyar Tavistock ya yi nazarin ramukan kwal a 1951 tare da Ken Bamforth, wanda shi kansa tsohon mahaƙi ne, suka nuna yadda sabbin injina suka wargaza ƙananan ƙungiyoyin da a da ke raba aiki a tsakaninsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lawrence Stenhouse ya ƙarasa da wannan tunani cikin aji a littafinsa na 1975, inda ya ce malami shi ya kamata ya zama mai binciken koyarwarsa. Abokin aikinsa John Elliott ya sa malamai suna naɗar darasinsu, sannan a jera bayani uku gefe da gefe: na malamin, na ɗalibai, da na wani mai kallo. Malamin da ya rantse yana barin yara su yi tunani sai ya ji muryarsa a kaset yana amsa tambayar da ya yi da bakinsa.

Wannan ya sha bamban da abin da muka saba gani da sunan horar da ma'aikata: bitar kwana uku a otal, alawus, takardar shaida, a koma ofis a ci gaba yadda aka saba. Ana iya cewa binciken mutum a kan aikinsa bai tsira daga son kai ba, kuma sakamakon aji ɗaya ba ya zama doka ga ƙasa. Haka ne. Maganin na farko shi ne shaida a rubuce da idon abokin aiki. Na biyun kuwa dama ba doka ake nema ba, gyaran wuri ɗaya ake nema. Matsalar da ta fi waɗannan girma ita ce shugabanci. Ma'aikaciyar jinya da ta ƙidaya awannin da marasa lafiya ke jira, ta gano cewa jadawalin da shugabanta ya tsara ne sanadi, tana bukatar tabbacin cewa rahotonta ba zai jawo mata canjin wurin aiki ba, kuma wannan tabbaci daga sama kaɗai yake fitowa.