Tondibi, 1591: Yaƙin da Aka Ci, Zinariyar da Ba a Samu Ba

Daular Songhai ba ta haƙo zinariya da hannunta. Ma'adinan suna can kudu, a Bambuk da Bure da dazuzzukan Akan, wuraren da ikon Askiya bai taɓa kafuwa sosai ba. Abin da Songhai ta mallaka shi ne tsakiyar hanya: kasuwannin Jenne da Timbuktu da Gawo, jiragen ruwan Kogin Neja, alƙalan da fatake suka yarda da hukuncinsu, da kuma gishirin Taghaza wanda mutanen kudu ke saye da zinariya. Wannan bambanci ne Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, bai auna shi daidai ba.

Al-Mansur ya hau gadon mulki a 1578, ranar da rundunar Maroko ta murƙushe ta Fotugal a Wadi al-Makhazin, har Sarki Sebastiyan ya mutu a fagen fama. Kuɗin fansar manyan Fotugal da aka kama sun cika baitulmali. Amma sojan bindiga na cin kuɗi, ga ginin fadar Badi a Marakash, ga Turkawan Usmaniyya a maƙwabta. Sai ya juya kudu da hujjar addini: shi sharifi ne, halifan Musulmi, don haka harajin gishirin Taghaza haƙƙinsa ne domin ciyar da rundunar jihadi. Da ya kame Taghaza a tsakiyar shekarun 1580, masu haƙar gishiri suka watse, sana'ar ta koma Tawdeni, ya tashi da ramuka kawai. Wannan gargaɗi ne bayyananne, amma bai ɗauka ba. Da ya sake aika buƙatarsa, Askiya Ishaƙ na Biyu ya mayar masa da amsar masu da takalman ƙarfe.

A ƙarshen 1590 Judar Basha, bawan fada haifaffen Andalus, ya bar Marakash da mayaƙa kimanin 4,000, ya keta Sahara. A watan Maris na 1591 aka gwabza a Tondibi, arewa da Gawo. Songhai ta fi yawa nesa ba kusa ba, sai dai yaƙin basasar 1588 ya riga ya cinye mata manyan kwamandoji. An koro garken shanu don su tattake sahun Marokawa. Ƙarar bindiga ta firgita su, suka juyo kan masu su. Akan ce albarushi ne ya kashe Songhai. Ya fi kusa da gaskiya a ce ya tarar da ita a jigace.

Judar ya shiga Gawo ya sha mamaki: gidajen laka, babu taskar da aka zata. Askiya ya yi tayin misƙali 100,000 na zinariya da bayi 1,000 don su koma gida. Judar ya ga tayin da kyau, al-Mansur kuwa ya fusata, ya tuɓe shi ya turo Mahmud bin Zarƙun. Zinariya ta isa Marakash a shekarun farko, har aka yi wa sarkin laƙabin al-Zahabi, amma galibinta ganima ce, ba riba mai ɗorewa ba. Hanyoyi sun lalace, Askiya Nuhu ya ci gaba da yaƙin sari-ka-noƙe daga Dendi, a kudancin Nijar ta yau, zazzaɓi na ta cin sojan da aka turo.

Ɓarna mafi muni ta faru a Oktoban 1593, lokacin da aka kama malaman Timbuktu, musamman zuriyar Aƙit, aka wawushe gidajensu, aka tasa ƙeyarsu zuwa Marakash. Cikinsu akwai Ahmad Baba, wanda ya rasa littattafai 1,600, kuma ya ce nasa ne mafi ƙanƙanta a cikin danginsa. Waɗannan malamai ba adon birni ba ne kawai: su ne ke rubuta yarjejeniya, su raba gado, su sasanta bashi tsakanin ɗan kasuwar Tuwat da na Jenne. Marubutan tarihin Maroko sun ruwaito cewa da aka kai Ahmad Baba gaban al-Mansur, ya ƙi magana sai an yaye labulen da sarkin ke zaune bayansa, sannan ya tambaye shi dalilin barin Turkawa da ke kusa ya afka wa Musulmi na nesa.

Annoba ta kashe al-Mansur a 1603, 'ya'yansa suka kaure da yaƙin gado, sojojin da ke bakin kogi suka fara naɗa bashansu da kansu, jikokinsu suka zama Arma. Ahmad Baba ya koma Timbuktu a 1608. A 1615, mutanen Tuwat suka tambaye shi hukuncin bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. Ya amsa cewa launin fata ba ya halatta bautar da kowa, ya kuma jera ƙasashen da mutanensu Musulmi ne 'yantattu, har da Kano da Katsina da Borno. Cikin jerin akwai Songhai.