Jarin Kyaftin Evans: Tarihin Wani Mabuɗin Wasan Darar Ces

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ba gwanayen da suka riƙi darar ces sana'a kaɗai ne suka gina iliminta ba. Za mu kafa hujja da wasa guda, wanda aka yi a birnin Landan wajen shekarar 1827.

Waɗanda suka kara su ne William Davies Evans, mutumin Wales, da Alexander McDonnell, ɗan ƙasar Ailan. Evans, wanda aka haifa a 1790, kyaftin ne na jirgin ruwan da ke jigilar wasiƙu tsakanin Milford Haven da Waterford. Shi kuwa McDonnell ma'aikacin 'yan kasuwa ne, ko da yake ana lissafa shi cikin gwanayen Ingila na zamaninsa. Duk da haka Evans ya kashe masa sarki a taku na 20.

Dabarar da ya zo da ita ita ce: mai fararen 'ya'ya ya tura sojansa zuwa gidan b4 da gangan, limamin baƙi ya cinye shi. Daga nan sai ya kori limamin da c3, ya bi da d4. Ta haka ya mamaye tsakiyar fage tun abokin karawarsa bai gama shiri ba, ya kuma buɗe hanyar kai hari gidan f7, inda sarkin baƙi ya fi rauni. Wato soja guda ne jari, lokaci kuwa shi ne riba.

McDonnell bai raina abin da ya kayar da shi ba. Ya yi amfani da shi a karawarsa da La Bourdonnais na Faransa a 1834, kuma daga nan dabarar ta bazu a Turai. A shekarun 1890 Emanuel Lasker ya nuna maganinta: a mayar da sojan, a yi musayar sarauniya, harin ya mutu. Sai manya suka juya mata baya, har 1995 da Garry Kasparov ya doke Viswanathan Anand da ita a Riga cikin taku 25.

Evans ya rasu cikin talauci a Ostend a 1872, amma har yau mabuɗin da sunansa ake kiransa. Saboda haka muna ganin ya wajaba masu bincike su riƙa duba wasannin 'yan sha'awa da idon basira kamar yadda suke duba na zakaru.