Krakow: Abin da baƙo ya kamata ya sani game da abinci, kasuwa da wuraren tarihi

Krakow birni ne a kudancin ƙasar Polan, a bakin kogin Vistula. Nan sarakunan ƙasar suka zauna tsawon ƙarnoni, kafin a mayar da fada Warsaw a ƙarshen ƙarni na 16. Yaƙin Duniya na Biyu ya mayar da Warsaw kufai, amma tsofaffin gine-ginen Krakow sun tsira. A 1978 hukumar UNESCO ta saka tsohon garin a jerinta na farko na wuraren tarihin duniya.

Wuraren ziyara

Tsakiyar tsohon garin dandali ne mai suna Rynek, wanda aka shata a 1257, tsawonsa da faɗinsa kusan mita 200 kowanne. A gefensa akwai cocin Maryamu, inda ake busa ƙaho daga hasumiya duk bayan awa guda, busar kuma takan yanke kafin ta kai ƙarshe. Almara ta ce kibiya ce ta soki mabushin yana cikin gargaɗin gari game da mahara. Daga dandalin, tafiyar ƙafa kaɗan zuwa kudu za ta kai mutum tudun Wawel, inda fadar sarakuna da kaburburansu suke. Gaba da shi akwai Kazimierz, tsohuwar unguwar Yahudawa.

A wajen gari akwai ramin haƙar gishiri na Wieliczka, mai ɗakunan ibada da aka sassaƙa cikin gishiri. Kimanin kilomita 70 zuwa yamma kuma akwai sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi suka kashe mutum sama da miliyan ɗaya, akasarinsu Yahudawa. Ana yin rajistar shiga sansanin ta intanet tun kafin ranar ziyara.

Abinci

Naman alade ya mamaye girkin Polan, don haka wanda ba ya cin sa sai ya lura. Sunansa a yarensu *wieprzowina*, kitsensa kuma *smalec*, wanda wasu gidajen abinci kan kawo da burodi kafin abinci. Miyar *żurek* da daffafen kabeji na *bigos* galibi da alade ake yin su. *Pierogi* ƙullin fulawa ne; nau'insa mai cike da dankalin turawa da cuku ba shi da nama a ciki, amma sau da yawa akan barbaɗa masa soyayyen kitsen alade a kai. Dole baƙo ya tambaya kafin a zuba.

Abin da aka fi sani da Krakow shi ne *obwarzanek*, burodi mai siffar zobe da ake dafawa a ruwa kafin a gasa, ana sayar da shi a ƙananan kekunan talla a kan titi. Mai neman abinci da rahusa zai samu a gidajen da ake kira *bar mleczny*, waɗanda suka yawaita a zamanin kwaminisanci.

Kuɗi da sayayya

Polan ta shiga Tarayyar Turai a 2004, amma ba ta amfani da Yuro. Kuɗinta zloti ne. Shagunan canji ana kiran su *kantor*, kuma farashinsu ya bambanta, musamman a inda baƙi suka fi taruwa. Mai canji ya duba farashin saye da na sayarwa kafin ya miƙa kuɗinsa. Idan na'urar cire kuɗi ta nemi ta yi lissafi da wani kuɗin waje, zaɓen zloti ya fi sauƙi.

A tsakiyar Rynek akwai tsohuwar kasuwar yadi ta Sukiennice, inda ake sayar da kayan ado na ƙaron itace daskararre daga gaɓar tekun Baltik. Ana samun na jabu a kasuwanni, shi ya sa mai saye kan nemi takardar shaida. Kayan lambu da cuku kuwa suna kasuwar Stary Kleparz.

Tun 2018 doka ta taƙaita ciniki ranar Lahadi, har yanzu manyan kantuna a rufe suke a yawancin Lahadodin shekara. Gidajen abinci da gidajen mai suna buɗewa.

Shiga ƙasar

Polan tana cikin yankin Schengen tun 2007. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya samu bizar Schengen kafin ya tashi.