Aikin sa-kai na nema da ceto a tsaunuka: Su wa ke yin sa, kuma yaya ake yin sa?

Nema da ceto shi ne bin sawun wanda ya ɓace ko ya maƙale a wurin da mota ba ta kaiwa, a gano shi, a ba shi taimakon gaggawa, sannan a sauko da shi inda likita zai karɓe shi. A kan dutse aikin ya fi wuya, domin sau da yawa neman ne ke cinye lokacin da ya kamata a yi jinya da shi.

A dokance, alhakin haɗa kan masu wannan aiki a Najeriya yana wuyan Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999. Tana da sashen nema da ceto, kuma ofishinta na shiyyar Arewa maso Yamma yana Kaduna, inda jiha ma take da tata hukumar. Sai dai abin da ya faru a tsaunukan ƙasar nan ya nuna cewa ba jami'in gwamnati ne ke fara isa wurin ba.

A ranar 17 ga Satumba, 2006, jirgin sojan sama ƙirar Dornier 228 da ya tashi daga Abuja zuwa Obudu ɗauke da mutum 18 ya faɗi a kan wani tsauni a Jihar Binuwai. Mutum 13 suka rasu, goma daga cikinsu janar-janar ne. Wani yaro ɗan ƙauye ne ya fara riskar tarkacen, kuma da wayar salular da aka samu a wurin aka kira agaji. Na 2008 ya fi ban takaici. Jirgin kamfanin Wings Aviation ƙirar Beechcraft 1900D ya ɓace a ranar 15 ga Maris da ma'aikata uku, shi ma a kan hanyar Obudu. Hukumomi suka yi ta nema ta sama da ta ƙasa ba su dace ba, har sai ƙarshen Agusta, bayan fiye da wata biyar, da mafarauta suka ci karo da shi a tsaunukan ƙaramar hukumar Obanliku ta Jihar Kuros Riba.

Mazaunin Kawo ko Unguwar Rimi zai iya ganin batun ya yi masa nisa, tunda birnin Kaduna a shimfiɗe yake. Amma ɗalibai da ma'aikata daga nan kan je yawon buɗe ido dutsen Kufena a Zariya, da duwatsun Kajuru, da magangarar ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, da tsaunin Kagoro inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu. Masu ƙarfin hali har Taraba suke zuwa don hawa Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419.

Abin da Kaduna ba ta rasa ba shi ne 'yan sa-kai. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962 zamanin Sardauna kuma hedkwatarta ke wannan birni, tana da rundunar 'yan agaji. Haka Fityanul Islam da Izala, ga ƙungiyar Red Cross wadda doka ta amince da ita tun 1960, ga 'yan Man O' War. Ƙwarewar yawancinsu, sai dai, ta taron jama'a ce: filin Idi, tafsirin azumi a Masallacin Sultan Bello, sansanin alhazai na Mando, da haɗarin mota. Ɗaukar majinyaci daga bakin titi daban, sauko da shi daga kan fa mai santsi daban. Wuri mafi kusa da aka san shi da horon hawan dutse shi ne makarantar Cibiyar Horar da Shugabanci da ke tsaunukan Shere a Jos.

Neman kansa yana da ƙa'ida. Ana farawa ne daga inda aka ga mutum na ƙarshe, a tambayi irin tufafinsa da takalminsa, da ko yana da wata cuta. Daga nan a tura mutum biyu ko uku masu sauri su bi hanyoyi da rafuka, sauran kuma a raba musu yanki, kowa a rubuta sunansa da lokacin fitarsa. Gayyar jama'a barkatai ɓarna take yi, domin tana taka sawun da mafarauci zai karanta. Idan aka same shi, wahalar jiki ta fara: gadon ɗaukar majinyaci a kan dutse yana bukatar mutum shida zuwa takwas, da wasu a gefe masu karɓar su. Wanda ake zaton ya ji rauni a wuya ko gadon baya ba a ɗaga shi sai an tallafe wurin yadda ba zai motsa ba. Saran kububuwa kuwa ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana gaɓar motsi a garzaya asibitin da ke da maganin dafi. Yanayi ma yana da nasa hukunci, don ruwan damina na mayar da dutse sulɓi, hazon hunturu kuma na iya hana jirgi mai saukar ungulu tashi.

Akwai abin da ya bambanta Arewa da sauran wurare: wasu duwatsun da dazuzzukan da ke kewaye da su, musamman a Birnin Gwari da Chikun da Kajuru, sun sha zama maɓoyar 'yan bindiga. Ɗan agaji ba ya shiga irin wannan wuri sai da sanin 'yan sanda da mai unguwa. Wanda kuma ya kai mai raunin harbi asibiti, dokar 2017 ta wajabta a karɓi majinyacin ko babu takardar 'yan sanda, ta kuma hana a muzguna wa wanda ya kawo shi da tambayoyi.

A Turai tsarin ya daɗe. An kafa ƙungiyar ceto ta farko a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1896, bayan dusar ƙanƙara ta rufta wa mutum uku a tsaunin Rax. A Ingila har yau masu ceto a tsaunuka ba su karɓar albashi, da gudummawar jama'a suke sayen kayan aiki. Daga can aka gaji alamar neman taimako: busa usur ko haska tocila sau shida cikin minti ɗaya, a dakata minti ɗaya, a maimaita, mai amsawa ya yi sau uku.

Mai son shiga aikin a Kaduna zai fara ne da horon taimakon gaggawa a reshen Red Cross ko rundunar agajin ƙungiyarsa, sannan ya koyi karanta taswira da aiki da igiya. Mai niyyar hawan dutse kuma ya bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowarsa, ya ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora, ya tura inda yake ta WhatsApp tun kafin sabis ya ɗauke. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ake kiranta.