Tarihin Ragar Wilson da Yadda Aka Gyara Ta

Abin da nake so in kawo wa 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu a wannan fitowa shi ne tarihin wani lissafi da ya ci wa masana ilmin Fizis shekara 34 kafin ya ba da amsar da suke nema, watau nauyin furoton.

Cibiyar atam dai da furoton da niyutiron aka gina ta. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa da nasa binciken, suka ce waɗannan ma kowanensu ƙwayoyi uku ne a dunƙule. Gell-Mann ya raɗa musu suna kwak, kuma 'yan adabi su lura, a littafin James Joyce mai suna Finnegans Wake ya tsinci yadda zai rubuta kalmar. To, amma ba a taɓa kama kwak guda shi kaɗai ba, domin ƙarfin da ke ɗaure su ba ya saki kome nisan da aka ja su. A 1973 aka gane ƙa'idar wannan ƙarfi, sai dai lissafin alƙalami da takarda yana aiki ne kurum idan ƙwayoyin suna dab da juna ƙwarai. A faɗin furoton kuwa sai ya cije. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

A 1974 Kenneth Wilson na Jami'ar Cornell ta Amurka ya kawo dabara. Ya ce a ɗauki sarari da lokaci tamkar raga, a zaunar da kwak a kan ƙulle-ƙullenta, ƙarfin ɗaurin kuma ya bi zaren da ke tsakani. Da haka lissafin ya zama mai iyaka, wanda kwamfuta za ta iya ɗauka. A 1980 Michael Creutz na Brookhaven ya gwada, ya kuwa ga alamar ɗaurin nan.

Amma fa duniya ba raga ba ce. Duk wanda ya ƙura wa zanen hula ido ya san da'irar da ke jiki ba da'ira ce sosai ba, ɗinki ne ɗaya bayan ɗaya, kuma gwargwadon girman ɗinkin, gwargwadon karkacewarta. Haka ragar Wilson take. Idan aka rage faɗin idonta da rabi, ƙulle-ƙullen sai sun ninka sau 16, tun da fuska huɗu gare ta: tsawo da faɗi da zurfi da lokaci. Aikin kwamfuta kuwa ya fi haka ƙaruwa. Daɗin daɗawa, kowane kwak da aka ɗora a kan raga sai ya rikiɗa ya zama 16. Wilson ya yi maganin wannan, amma maganin ya bar baya da ƙura: ka biya ninki 16 ko fiye, kuskuren rabi kawai zai ragu.

A nan ne Kurt Symanzik, masani a cibiyar DESY ta Hambug a Jamus, ya shigo, kuma a ganina ba a ambatonsa yadda ya kamata in ana labarin manyan injuna. A 1983, shekarar da ya rasu, ya nuna cewa tun da an san siffar kuskuren da raga ke haifarwa, ana iya cusa wasu ƙarin sassa a cikin lissafin tun farko domin su cinye shi. Kamar tela ne da ya san yadin zai tsuke in an wanke, sai ya bar rara tun wajen yanka. A 1985 Sheikholeslami da Wohlert suka gano cewa ƙari guda ya isa ya kawar da kuskuren farko na kwak ɗin Wilson, ta yadda in an rage ido da rabi, kuskure zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saura sanin yawan rarar da za a bari. Lepage da Mackenzie suka gyara ƙiyasin a 1993, sa'an nan a 1996 Martin Lüscher da abokan aikinsa suka nuna yadda za a auno ta daga ragar kanta.

Shi Wilson, a wani taro a Capri ta Italiya a 1989, cewa ya yi mai yiwuwa sai ƙarfin kwamfuta ya ninka sau miliyan 100, a kuma sami sababbin dabaru, kafin lissafin ya amfani masu gwaji. Ga kuma wata ratse da ake yi tun 1981 don rage tsada, watau a yi biris da ƙwayoyin kwak masu ɓullowa biyu-biyu suna ɓacewa nan take. Masanan Tsukuba ta Japan suka nuna a 2000 cewa ratsen nan yana sa a kauce wa gwaji da kusan kashi 10 cikin ɗari. Dole aka dawo da su.

A 2008 wata ƙungiyar masana daga Budafes da Marsai da Wuppertal, da raga gyararriya irin ta Symanzik, ta fitar da nauyin furoton da danginsa daidai da awo, in ban da 'yan kashi kaɗan cikin ɗari. A 2015 suka lissafo har ɗan rinjayen da niyutiron ya yi wa furoton, kimanin kashi 0.14 cikin ɗari. Da a ce furoton ne ya fi nauyi haka, da iskar haidurojin ba ta zauna ba, balle a sami ruwan sha.