Mehboob Khan da Tasirin Fim ɗin Mother India a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ga yadda matasa suke kallon finafinan Indiya masu fassarar Hausa a wayoyinsu, daga Fagge ta Kano har zuwa Kagarawal ta Gombe, zai iya zaton sabon yayi ne. Amma tushen abin ya koma shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da waɗannan finafinai Arewa. Manufar wannan takarda ita ce duba rayuwar ɗaya daga cikin daraktocin da suka kafa wannan ƙauna, wato Mehboob Khan, wanda Hausawa da dama suka san aikinsa ba tare da sanin sunansa ba.

2.0 Rayuwarsa da Ayyukansa

Musulmi ne, an haife shi a garin Bilimora na yankin Gujarat a 1907, kuma bai yi karatu mai zurfi ba. Ya gudu zuwa Bombay yana matashi, inda ya fara da ƙananan fitowa a kamfanin Imperial. A 1935 ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, Al Hilal. Daga nan sai Aurat (1940), Andaz (1949) da Aan (1952). A 1954 ya gina nasa sutudiyo a Bandra. Ya rasu ranar 28 ga Mayu, 1964, kwana ɗaya bayan rasuwar Nehru.

Bakandamiyarsa ita ce Mother India (1957), wadda sake fasalin Aurat ce. Labarin Radha ne, wadda Nargis ta fito a matsayinta. Surukarta ta ci bashin rufi 500 a hannun Sukhilala don bikin aure, bashin ya yi ta haihuwa har mai kuɗin ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gonar. Mijin ya rasa hannayensa, ya bar gida saboda kunya. Radha ta ja garma da kanta, ta ƙi sayar da mutuncinta, a ƙarshe kuma ta harbe ɗanta Birju domin ya sace 'yar Sukhilala. Fim ɗin ya kai matakin ƙarshe na gasar Oscar a 1958, amma na Fellini ɗan Italiya ya doke shi.

3.0 Karɓuwarsa ga Hausawa

Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya tarar har lokacin ana nuna fim ɗin, 'yan kallo na bin waƙoƙinsa ko da yake ba su jin Indiyanci. Dalilin bai da wuyar ganewa. Manomin auduga na ƙasar Gombe bai buƙatar tafinta kafin ya gane mai ba da bashi da damina ya karɓa da kaka, ko gidan da hidimar biki ta durƙusar. Ga kunya, ga biyayya ga iyaye, ga sutura mai rufe jiki, abubuwan da finafinan kaboyi na Amurka ba su da su. A ganina, hukuncin da Radha ta yanke wa ɗanta shi ne ya fi ratsa zuciya, domin Bahaushe ya san nauyin bakin uwa.

Abin sha'awa, Sunil Dutt da ya fito a Birju ya ceci Nargis daga gobara a wajen ɗaukar fim ɗin, suka yi aure a 1958. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin.

Sai dai masu shirya finafinan Hausa, tun bayan Turmin Danya na 1990, sun fi ɗaukar rawa da waƙa da soyayyar mutum uku, irin wadda Mehboob ya nuna a Andaz. Batun ƙasar noma da bashin ruwa, wanda shi ne ƙashin bayan Mother India, kaɗan ne cikinsu suka waiwaye shi.